Hoton Ƙwaƙwalwa Fes, Ciwo Kuwa Yana Nan: Nazarin Lamarin Wata Mai Cutar Jijiyoyi ta MS

Majinyaciyar mace ce 'yar shekara 31, malamar firamare, mai 'ya'ya biyu. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga. An turo ta wurinmu, sashen jijiyoyi, da gajeriyar takarda: ƙafafuwa sun mutu kuma sun yi nauyi kusan mako uku, an yi hoton MRI na ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba, ana zaton damuwa ce. Mijinta ne ya riƙo faifan hoton da rahotonsa a cikin ambulan. Kafin ya zauna ya ce, "Likita, an ce mana kanta lafiya lau, amma ga ta nan ko takalmi ba ta jin sa a ƙafarta."

Yadda ta ba da labari, abin ya fara ne da minjirya a tafin ƙafar hagu. Cikin kwana biyar ya hau gwiwa, ya tsallaka ƙafar dama, ya tsaya a ƙasan ƙirji. A nan take jin kamar an ɗaure ta tamau da ɗamara, ko da kuwa doguwar riga ce sakakkiya a jikinta. Fitsari na matsa ta ba shiri, wani lokaci ba ta kai banɗaki. Sai kuma wani abu da ta faɗa tana jin nauyinsa, don tana ganin ba za a yarda ba: duk sa'ad da ta sunkuyar da kai, musamman a ruku'u, sai ta ji wani abu ya tsarga mata daga wuya har yatsun ƙafa kamar jan wutar lantarki. Wannan alama sananniya ce, ana kiranta alamar Lhermitte, kuma laka take nunawa, wato jijiyar nan mai kauri da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, musamman ɓangarenta na wuya.

Da na tambaye ta ko wani abu makamancin haka ya taɓa samunta, ta ce a'a. Da na sake tambaya ta fuskar ido, sai ta tuna. Shekara biyu da suka wuce idonta na dama ya yi ciwo, ciwon da ke ƙaruwa idan ta juya idon, gani ya dushe, jan biron da take duba aikin yara da shi ya koma mata ruwan ƙasa. An ba ta maganin ɗigawa a kemis, bayan wata guda da 'yan kwanaki gani ya dawo, ta manta da zancen. Sai dai har yau idan bazara ta yi tsanani, ko ta daɗe a gaban murhu, idon kan yi hazo na 'yan mintoci sannan ya washe. Jijiyar da ta taɓa rasa rufinta ba ta jure zafi. Likitan ido Wilhelm Uhthoff ya bayyana haka tun 1890.

Abin da hannu ya gano

Gwajin jiki bai bar wurin shakka ba. Da na riƙa kai hasken tocila daga ido zuwa ido, ƙwayar idon dama sai ta buɗe maimakon ta tsuke. Da na leƙa cikin idon, bakin jijiyar gani ya koɗe a gefe ɗaya. Gudumar roba ta sa gwiwoyi biyu suna zabura fiye da ƙima. Da aka karci tafin ƙafar hagu, babban yatsa ya ɗaga sama. Ƙarfen gwaji mai rawa da aka ɗora mata a idon sawu ba ta ji shi ba sam, kuma tsinin allura ya dushe mata daga ƙasa har zuwa wani layi a ƙasan nono, sama da layin tana ji daidai. Damuwa kan kawo ciwon kai, kasala, bugun zuciya, har da mutuwar gaɓa. Amma ba ta koɗar da jijiyar gani, ba ta ɗaga babban yatsa.

Wurare biyu ke nan suka taɓu, jijiyar gani da laka, a lokuta biyu mabambanta, ga mace matashiya, kuma na farkon ya warke da kansa. Duk likitan jijiyoyi zai tuna da maltiful siklerosis, wadda ake taƙaitawa MS. Cuta ce da garkuwar jiki ke afka wa mayelin, rufin kitsen da ke naɗe da zaren jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani, ta bar tabbai nan da can. Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta ƙungiyar MS ta duniya ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 20 da 40.

To ina tabban, tunda hoton ƙwaƙwalwa fes yake?

Me hoto mai tsabta ke faɗa

Mafi yawan masu MS, fiye da 90 cikin 100, ana ganin tabo a hoton ƙwaƙwalwarsu. Saboda haka hoto mai tsabta hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma akwai ragowar, kimanin 5 cikin 100, kuma dalilansu sanannu ne. Wasu cutar ta fi zama musu a laka. Wasu an yi hoton da wuri, tabo bai fito ba tukuna. Tabban da ke kan ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa yawancinsu na'urar da ake amfani da ita yau da kullum ba ta kama su. Sannan ga batun na'urar kanta. Mai ƙarfin Tesla 0.3 (Tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar ne), irin wadda har yanzu ake samu a wasu cibiyoyi a ƙasashenmu, ba ta ganin abin da mai 1.5 ko 3 ke gani, kuma idan an yanka hoton da kauri, tabo mai faɗin milimita uku na iya faɗawa tsakanin yanka biyu.

Bincike biyu da aka bi mutane tsawon shekaru sun nuna ma'aunin abin. A Amurka an bi masu kumburin jijiyar gani shekara 15, rahoton ya fito a 2008: waɗanda hoton ƙwaƙwalwarsu na farko ke da tabo, 72 cikin 100 sun kamu da MS; waɗanda nasu ke fes, 25 cikin 100. A Landan, asibitin Queen Square ya bi masu harin farko, wato waɗanda alamu irin na MS suka taso musu karo na farko, kimanin shekara 20, aka samu 82 cikin 100 a rukunin masu tabo, 21 a rukunin marasa tabo. Hoto mai tsabta na rage yiwuwar cutar ƙwarai, amma mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne.

A lamarin wannan baiwar Allah akwai abin da ya fi wannan sauƙi. Alamunta na yanzu duk daga wuya zuwa ƙasa suke, hoton kuwa kai aka yi wa. An duba inda ba nan ciwon yake ba. Mun sake karanta faifan tare da likitan hoto, muka kuma maimaita hoton ƙwaƙwalwar da yanka sirara a na'ura mai Tesla 1.5, ya sake fitowa fes. Sannan muka yi na laka tun daga wuya har ƙugu, da allurar gadoliniyam mai haska wurin da ke kumbure yanzu.

Tabo biyu suka fito. Ɗaya a wuya, daidai gaɓar ƙashin wuya ta uku da ta huɗu, ta bayan laka, tsoho, bai ɗauki allurar ba. Ɗaya a tsakiyar baya, daidai gaɓa ta biyar ta ƙirji, a gefen hagu, ya haska. Kowannensu gajere ne, bai kai tsawon gaɓa biyu ba, kuma bai cinye faɗin lakar duka ba. Wannan ita ce siffar tabon MS. Hoton laka yana da wata fa'ida da na ƙwaƙwalwa ba shi da ita: tsufa da hawan jini da ciwon kai na ɓari ɗaya kan bar fararen ɗigo a ƙwaƙwalwa su rikita mai karatu, amma ba su cika yin haka a laka ba.

Inda aka fi jin tsoro

Da ganin hoton, wani zai ce an gama. Ni a nan ne hankalina ya fi tashi. Mace baƙar fata, ido da laka, ƙwaƙwalwa fes: wannan siffa ta yi kama da ta wata cuta daban, kumburin jijiyar gani da laka da Eugène Devic ya bayyana a 1894, wadda yanzu ake kira NMO. Shekaru da dama ana lissafa ta a matsayin reshen MS, har sai 2004 da masu bincike a asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin Vanda Lennon, suka gano wani sinadarin garkuwa a jinin masu ita, a 2005 kuma aka gane akwaforin-4 yake kai wa hari, wata ƙofar ruwa a jikin ƙwayoyin da ke tallafar jijiyoyi. NMO ta fi yawa a 'yan asalin Afirka da Asiya fiye da Turawa. Harinta ya fi muni, hari ɗaya na iya makantar da mutum ko ya zaunar da shi. Abin da ya sa rarrabewar ta zama dole shi ne wasu magungunan MS, irin su intaferon beta da natalizumab da fingolimod, suna iya tsananta NMO. Kuskure a nan ba ya tsayawa a takarda.

Saboda haka muka koma kanta da tambayoyi. Ta taɓa yin shaƙuwa ko amai na kwanaki da ya ƙi jin magani? A'a. Ciwon idon ya taɓa kama biyu lokaci guda, ko ya kai ta ga rashin ganin haske? A'a, ido ɗaya ne, kuma gani ya dawo kusan daidai. Tabon NMO a laka yawanci dogo ne, gaɓa uku ko fiye, a tsakiyar laka, nata kuwa gajeru ne a gefe. Duk wannan ya karkata zuwa MS, sai dai akwai masu NMO 'yan kaɗan da ke zuwa da gajeren tabo, don haka siffar hoto ba ta isa ba. Muka ɗebi jini don gwajin akwaforin-4 da na MOG, wanda shi ma cuta ce ta uku mai kama da waɗannan biyun. Mun ɗiba kafin a sa mata sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, domin magani na iya dusar da sakamakon. Ba a yin gwajin a inda muke, sai da aka aika samfurin waje, aka jira makonni, kuma kuɗinsa ya girgiza iyalin. Na gaya wa mijin gaskiya: "Malam, in akwai gwajin da ba za mu tsallake ba, wannan ne." Duka biyun suka dawo babu.

Sauran masu kama da ita mun bi su da sauri, amma ba mu bar ko ɗaya ba, domin a nan yankin sun fi MS yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka na ƙashin baya: babu zazzaɓin dare, babu rama, hoton ƙirji da ƙasusuwan baya lafiya. Tsargiya, wadda ƙwanta kan maƙale a ƙarshen laka ga masu shiga rafi da fadamar shinkafa: ba ta shiga ruwa, tabonta ba a can ƙasa yake ba, fitsari da bayan gida babu ƙwai. HIV, tunjere, da ƙwayar HTLV-1: babu. Bitamin B12 daidai. Gwajin lufus, wata cutar garkuwar jiki, babu.

Ruwan baya

Da aka zo batun ɗibar ruwan baya sai da aka kai ruwa rana. Mahaifiyarta ta ce atafau. Ta ga an yi wa wani yaro a shekarar sanƙarau, bai sake tafiya ba. Wannan tsoro ya yaɗu a cikinmu, kuma tushensa abin fahimta ne: yaran da ake ɗibar ruwansu a lokacin sanƙarau su ne waɗanda ciwon ya riga ya ci ƙarfinsu, sai laifin ya faɗa kan allura. Na zana mata a takarda. "Hajiya, laka a nan take ƙarewa, sama da ƙugu. Allurar a nan ƙasa take shiga, inda ruwa ne kawai da 'yan zaruruwa da ke kaucewa." Na kuma gaya mata abin da kan faru da gaske, wato ciwon kai na 'yan kwanaki idan an tashi zaune. Majinyaciyar ce ta yanke magana da kanta, ta ce a yi.

Ruwan ya fito garau. Fararen ƙwayoyin jini 'yan kaɗan, furotin daidai, suga daidai, babu ƙwayar cuta. Gwajin da muke jira shi ne na zanen oligokulonal: ana shimfiɗa ruwan bayan tare da jinin mutum a kan faranti, a ja su da lantarki, a ga ko akwai layukan sinadarin garkuwa da ke cikin ruwan amma babu su a jini. Idan akwai, garkuwar jiki na aiki a cikin ƙwaƙwalwa da laka kansu. Kusan tara cikin goma na masu MS suna da su, a NMO kuwa ba kasafai ba. Nata sun fito sarai.

Gwaji na ƙarshe na ido ne. Aka manna mata wayoyi a ƙeya, ta zauna tana kallon allo mai murabba'ai baƙi da fari suna musanya wuri, ana auna lokacin da saƙo ke ɗauka daga ido zuwa bayan ƙwaƙwalwa. A mai lafiya kimanin milisakan 100 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idon hagu ya ba da haka, na dama ya makara da kusan 25. Ciwon idon da aka manta shekara biyu ya bar shaidarsa.

Yadda aka yanke hukunci

Babu gwaji guda da ke cewa wannan MS ce. Ana aiki ne da ƙa'idojin McDonald, masu sunan likita Ian McDonald, waɗanda aka fitar a 2001 aka sabunta a 2005, 2010, 2017 da 2024. Gininsu a kan abu uku yake: cutar ta taɓa wurare daban-daban, ta yi hakan a lokuta daban-daban, kuma babu wani bayani da ya fi ta dacewa. A tsarin 2017, mai hari biyu da shaidar wurare biyu a gwajin jiki ya cika sharaɗi, amma an ja kunne cewa idan hoto ko ruwan baya bai nuna komai ba a yi hattara a nemi wata cutar. Ta fuskar hoto kuwa, wurare huɗu ake ƙirgawa, uku a ƙwaƙwalwa ɗaya laka, ana son biyu daga ciki. Majinyaciyarmu ɗaya take da shi, domin ba a ƙirga jijiyar gani. Gyaran 2024 ya shigar da jijiyar gani a matsayin wuri na biyar, idan hoto ko gwajin saƙon ido ko na'urar auna kaurin jijiyar ido ta tabbatar. Ga irin wannan majinyaciya gyaran ya yi amfani ƙwarai: laka da jijiyar gani wuri biyu, tsohon tabo da sabo a hoto ɗaya lokaci biyu, ga zanen oligokulonal, ga NMO da sauran an kore su. Muka rubuta MS mai zuwa ta lafa.

Da a ce hoton laka ma ya fito fes, ruwan baya babu komai, saƙon ido daidai, da ban rubuta ba, ko da alamun sun yi kama. Gaggawar laƙaba wa mutum MS ɓarna ce mai zaman kanta. Wani bincike na 2019 a cibiyoyi biyu na birnin Los Angeles ya gano kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka turo musu da sunan MS ba su da ita, wasunsu sun shekara da shekaru suna shan magunguna masu danne garkuwa. Ga wanda duk gwajinsa ya fito fes, abin yi shi ne a ci gaba da ganinsa, a maimaita hoto bayan wata shida zuwa shekara, a kuma gaya masa ƙarara cewa an yarda ciwonsa gaskiya ne. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda kalmar "babu komai" a rahoton hoto ke rufe ƙofar asibiti, mutum ya koma gida a ce iska ce ko sammu, ko a ce raki ne. Wannan malama ta riga ta sha rubutu da hayaƙi, wasu a dangin miji ma sun fara cewa aikin gida take gudu.

Magani da bibiya

An ba ta sitiroyid mai suna metilfirednisolon giram ɗaya ta jijiya kullum har kwana biyar. Yana gaggauta lafawar hari, ba ya hana na gaba. Ɗamarar ta saki cikin makonni, fitsari ya daidaita, sashen gashin ƙashi suka taimaka da tafiya. Mutuwar yatsun ƙafar hagu ta rage amma ba ta tafi duka ba.

Tabo a laka alama ce da ke sa a fara maganin kariya da wuri, domin masu shi sun fi fuskantar naƙasa nan gaba. Muka zaɓi rituksimab, ƙarin ruwa duk wata shida. Ana samunsa a nan saboda masu ciwon daji na amfani da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna na MS a 2023 tare da kiladiribin da gilatirama, sannan yana aiki a kan NMO ma, don haka ko da gwajin jini ya ɓoye wani abu ba mu cuce ta ba. Kafin farawa an gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu kuma wannan magani na iya tayar da shi ya yi kisa, aka kuma sake duba tarin fuka.

Mijin ya yi tambayoyi uku: ana ɗauka, yara za su gada, za ta iya sake haihuwa. Ba a ɗauka. Haɗarin yara ya ɗan ɗara na sauran mutane amma ƙalilan ne. Haihuwa kuwa tana yiwuwa, hare-hare ma kan ragu a ƙarshen ciki su ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa, sai dai a tsara lokacin da likita saboda magani. Azumi mun bar shi ga yadda jikinta ya ba ta a kowace shekara, da shawarar guje wa rana da zafin murhu.

Bayan shekara guda ta koma aji. Babu sabon hari. Hoton laka ya nuna tabban nan biyu, babu mai haskawa, babu ƙari, hoton ƙwaƙwalwa kuma har yanzu fes. An maimaita gwajin akwaforin-4, ya sake dawowa babu. A katinta an rubuta abubuwan da za su sa a sake buɗe batun daga tushe: dogon tabo a laka, ciwon ido biyu lokaci guda ko makanta mai tsanani, shaƙuwa ko amai da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi da rama. Za a ci gaba da hoton ƙwaƙwalwa da laka duk shekara, da gwajin jini kafin kowane ƙarin ruwa.